Mai Auna Duhu

Ƙarfe huɗu na yamma a Bradford
rana ta riga ta naɗe tabarmarta.
Ni kuwa a lokacin nake ɗaura ɗamara:
hular kwano, takalmi mai bakin ƙarfe,
na'urar awon haske a aljihun hagu,
shayi yana hucewa a kofin takarda.

Shekara shida ke nan.
Ta farko na ƙare ta ina riƙe wa wasu tsani,
ina ƙirga ƙwayaye a cikin kwali.
A ta uku aka miƙo mini tsohuwar masaƙar ulu
da za a mayar ɗakin karatu.
Na zuba mata fitila saba'in da huɗu
kamar gidan da ake kamu.
Misis Ackroyd ta tsaya a bayana, ta sauke tabarau:
"Barira, kin haska komai,
shi ya sa ban ga komai ba."
Ta ɗauki jan biro ta kashe arba'in.
Na shiga banɗaki na yi kukana,
na wanke fuska, na dawo.

Da dare muka kunna ragowar.
Sai ga dutsen ya fito da tsagarsa,
da baƙin hayaƙin da ya sha tun zamanin kakanni,
tagogi suka ja da baya, ginshiƙai suka matso.
Ranar na gane gishiri ne sana'ar nan,
hannu ya zarce, miya ta tafi.

Baba a Funtuwa, wanda ya tsufa da filaya a hannu,
yakan ce a waya:
"Wai duk wannan karatu, ƙwai kike sawa?"
In ce e, Baba.
Bayanin ya fi kuɗin katin tsawo.

Sai maganar shiga ƙungiyar masu sana'a.
Fom shafi goma sha ɗaya,
mutum biyu su tsaya maka,
kuɗin shekara da ya cinye mini sabon kwat.
Wata huɗu yana kan firij
ƙarƙashin takardar kuɗin gas.
Misis Ackroyd ta sa hannu ba ta ko zauna ba.
Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, na sani,
tsoron a ce ban kai ba ne ya riƙe ni.

A wani bene a Leeds, mutum uku a bayan tebur.
Mai furfurar cikinsu ya ce:
"Wane aiki kika fi alfahari da shi?"
Ban ce masaƙa ba.
Na ce wata 'yar gada a kan ruwan kwale-kwale,
inda wani tsoho ya rubuto
haske na shigar masa ɗaki yana hana shi barci,
jemagu ma sun ƙaurace wa wurin.
Na sauke fitilun zuwa gwiwa,
na mayar da su ruwan zuma,
na bar sama ga masu ita.

"Wa ya koya miki?"
Na buɗe baki zan ambaci jami'a,
sai Kaka Uwale ta ratso tsakar gida
da aci-bal-bal, tafinta ya kare harshen wutar,
ƙasa kawai take gani, taki ɗaya, taki ɗaya,
ba ta taɓa tuntuɓe ba.

Wasiƙar ta zo ranar Talata, ruwa ya jiƙa gefenta.
Kati ne ɗan ƙarami, da sunana, ba kuskuren harafi.
Yanzu duk wata ina zama da mutanen
da za su yi awa biyu suna gardama
a kan wane fari ne fari.
Ashe ina da dangi.

Na kira Baba ta bidiyo.
Ina tsakiyar karanto masa aka ɗauke musu wuta.
Fuskarsa kaɗai ta rage a hasken waya,
daga ƙasa, ya zurfafa masa idanu.
Ya ce, "Maimaita, ban ji ba."
Ya ji.

Na ce, "Baba, ɗan ɗaga wayar sama.
Kaɗan. Zuwa dama.
Yauwa, tsaya a nan."